An ce sai an yi wa ƙanena allura a cikin ido saboda jijiyoyin jini sun tsiro a kan tsohon tabo

Yayar Tela:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ido a wannan zaure. Ƙanena tela ne, shekarunsa 29. Tun yana sakandare ya taɓa yin wani ciwo a idon dama, ganinsa ya dushe, yana ganin baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabansa. An ba shi magani na wasu makonni ya warke, sai dai likita ya ce ƙwayar toksoplasma ce, kuma ta bar tabo a can bayan idon. Kwanan nan ya fara ƙorafin cewa idan ya ɗora yadi a kan keke, layin ɗinkin da ya san a miƙe yake sai ya gan shi ya karkace, har ya kan warware ɗinki mai kyau yana zaton ya ɓata. Da ya rufe idon hagu ya dubi ƙofar shago, sai ya ga ƙyauren ya lanƙwasa a tsakiya. Idon bai yi ja ba, ba ya ciwo, babu kwantsa. A asibiti an ɗauki hoton cikin idon, aka ce sabbin jijiyoyin jini ne suka tsiro a gefen tabon suna tsiyayar da ruwa, kuma maganinsu allura ce a cikin idon kansa. Mahaifiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Kawunmu kuma ya ce shi ma jijiyoyi sun taɓa hawa masa ido, amma da man shafawa aka yi masa magani. Tambayata ita ce, idan ƙwayar cutar ce ta dawo, me ya hana a ba shi maganin kashe ta? Idan kuma ba ita ba ce, daga ina jijiyoyin suka fito?

Dattijon Damagaram:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Ni ina bayan kawunku a wannan magana. Mu da muka tashi a karkara mun san ciwon amodari ciki da bai: yaro ya yi ta kwantsa, ƙudaje suna bin fuskarsa, bayan shekaru fatar ido ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, har ka ga tsohuwa da matsefata rataye a wuya don cire gashin. Idan ka ɗaga fatar idon irin waɗannan mutane, za ka ga jan jijiyoyi sun sauko daga sama sun hau baƙin ido. Nawa idon na hagu haka yake har yau. Abin da ma'aikatan lafiya suka riƙa yi mana shi ne man tetarasaikilin, daga baya ƙwayar azitiromaisin da ake rabawa gari-gari, sai ɗan aikin da ake yi wa fatar ido don gashin ya koma waje. Ban taɓa jin an soka wa kowa allura a ƙwayar ido ba. Ido ba wurin gwaji ba ne, kuma a zamanin nan ba a raba ɗayan biyu cewa akwai neman kuɗi a cikin wasu shawarwarin.

Likitan Ido:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka bayyana daidai yake, har da saukowar jijiyoyin daga sama, domin haka amodari yake yi. Sai dai ciwonka da na wannan matashi ba a wuri ɗaya suke ba, kuma wurin shi ne ke yanke hukuncin magani.

Naka yana gaba, a kan fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido. Allah ya halicci wannan fata babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta, daga hawaye da iska da ruwan cikin ido take samun abincinta, shi ya sa haske ke ratsa ta. Idan ciwo ya daɗe yana cin ta, jijiyoyi sukan taso daga gefe su shige ta. Kowa yana iya ganinsu da fitilar hannu, kuma a hankali suke tafiya, wata da watanni.

Nasa kuwa yana can baya, inda babu mai gani sai da na'ura. A bangon bayan ido akwai tantanin gani, wanda shi ne ke karɓar hoto ya aika wa ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar jijiyoyin jini masu yawa da ke ciyar da shi, a tsakaninsu kuma akwai wani siririn shinge da ke hana jijiyoyin hawowa sama. Lokacin da toksoplasma ta ci wurin a shekarun baya, ba tantanin kaɗai ta ƙona ba, ta raunana wannan shinge. Naman da ya ji rauni yakan fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda aikinsa shi ne kiran sabbin jijiyoyi, sai su biyo ta inda shingen ya tsage, kamar yadda ciyawa ke ɓullowa ta tsagar daɓe. Matsalar ita ce waɗannan sabbin jijiyoyi ba su da ƙwari, bangonsu yoyo yake yi. Ruwa, wani lokaci har da jini, yakan taru ya ɗaga tantanin, hoton da ke sauka a kansa sai ya karkace. Wannan shi ne layin ɗinkin da Hajiya ta ce yana gani a lanƙwashe. Idan aka bar shi, ruwan ba ya zama ruwa har abada, yakan rikiɗe ya zama farin tabo mai tauri a tsakiyar gani, kuma wannan tabon babu allura ko aikin da ke mayar da shi. Man shafawa da maganin ɗigawa ba sa kaiwa can da ƙarfin da ake bukata, dole sai an kai maganin cikin idon.

Yayar Tela:
Na gode, Likita. Ke nan ƙwayar cutar ba ta nan kwata-kwata?

Likitan Ido:
Hajiya, a nan sai an yi taka-tsantsan. Toksoplasma ba ta barin jiki gaba ɗaya, takan kwanta a gefen tabon cikin wani ƙunshi, kuma tana iya farkawa bayan shekaru. Saboda haka idan mai irin wannan tabo ya zo da sabon dushewar gani, abu biyu ake tuhuma: ko ƙwayar ta farka, ko jijiyoyi sun tsiro. Idan farkawa ce, za a ga sabon farin wuri a jikin tsohon baƙin tabon, ruwan cikin ido ya yi hazo, marar lafiya kuma yakan ga ɗige-ɗigen nan kamar na farko. Idan jijiyoyi ne, cikin idon yakan kasance garau, sai karkacewar layi, wani lokaci da ɗan jini a gefen tabon. Hoton OCT, wanda ke nuna tantanin hawa-hawa, shi ne ke raba gardama, in kuma an yi shakka sai a ɗura rawayan rini ta jijiyar hannu a ɗauki hoton inda yake tsiyaya. Kada ku tsorata idan fitsarinsa ya yi rawaya bayan wannan gwaji, rinin ne ke fita. Wani lokaci abin biyu kan haɗu, sai a ba da maganin ƙwayar, irin su Septrin ko haɗin firimetamin da salfadayazin, tare da allurar. Ku tambayi likitansa kai tsaye ko ya ga alamar farkawa. Ban duba idon ba, don haka ba zan wuce abin da na faɗa ba.

Ɗalibin Likitanci:
Da izinin Likita, akwai wata cuta da ke nuna wannan bambanci ƙarara. A Amurka, a yankunan kogin Ohayo da Misisifi, akwai wani fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, mai suna histoplasma da ke rayuwa a ƙasar da kashin kaji da na jemagu ya taru. Mutane da yawa a can sukan shaƙe shi tun suna yara, su yi ɗan zazzaɓi ko ma kada su ji komai, amma ya bar musu ƙananan tabo a bayan ido. Bayan shekara goma ko ashirin, wasunsu sai jijiyoyi su tsiro daga tabon. A lokacin babu wani kumburi a ruwan cikin idon, kuma maganin kashe fangas ba ya amfana musu komai. Wato cutar ta gama aikinta tun tuni, ɓarnar da ta bari ce ke haihuwa. A da, da hasken leza ake ƙone jijiyoyin, amma leza ba ta bambance jijiya da tantani, duk inda ta taɓa ya mutu, shi ya sa ba ta dace da abin da ke tsakiyar gani ba. A 2000 aka amince da wani magani mai suna Visudyne da ake ɗurawa a jini sannan a haska shi da leza mai sanyi. Shi kuwa sinadarin VEGF, a 1989 Napoleone Ferrara ya ware shi a kamfanin Genentech, daga nan aka samu Avastin, maganin da ke hana sinadarin aiki, a 2004 don cutar dajin hanji, likitocin ido a birnin Mayami na Amurka suka fara sa shi a ido a 2005, sai wasu allurai irinsa, Lucentis ya fito a 2006, Eylea kuma a 2011.

Dattijon Damagaram:
To, yaro, ka ga abin da nake faɗa. Maganin dajin hanji ne za a zuba wa ɗan mutane a ido? Kuma kai da bakinka ka ce a 2005 aka fara. Wannan ai jiya ne.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Ranka ya daɗe, shekara ashirin a harkar magani ba jiya ba ce, musamman ga allurar da ake yi wa miliyoyin mutane a duniya duk shekara. Dalilin da ya sa maganin daji ya yi aiki a ido shi ne, daji da wannan ciwo duk da sinadari ɗaya suke kiran jijiyoyi, maganin kuma wannan sinadarin yake ɗaurewa. Abin da ake sa wa ido miligiram 1.25 ne a cikin ruwa mililita 0.05, wato kimanin ɗigo ɗaya, alhali kwalbar tana ɗauke da miligiram 100. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban bincike mai suna CATT da aka fitar a 2011, inda aka gwada Avastin da Lucentis a kan tsofaffi masu irin wannan tsiron jijiya, aka tarar amfaninsu ga gani kusan ɗaya ne, duk da cewa Lucentis ya ninka shi tsada sau da yawa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Avastin cikin jerin muhimman magunguna saboda amfaninsa a ido. Saboda haka idan likita ya zaɓa wa talaka Avastin, ba rowa ya yi masa ba, kuma ba gwaji yake yi da shi ba.

Ni inda nake jin tsoro daban ne. Tun da kwalba ɗaya ake rabawa mutane da yawa, tsabtar rabon ita ce komai. A 2011 a yankin Mayami, mutum 12 sun kamu da mummunan ciwon cikin ido saboda an gurɓata maganin wajen rarraba shi cikin sirinji, da dama daga cikinsu suka rasa gani. Idan hakan ta faru a can, babu dalilin da zai sa mu saki jiki a nan, ga kuma matsalar wutar lantarki, alhali maganin a firji yake zama. Hajiya, kuna da haƙƙin ku tambaya yadda ake raba kwalbar da kuma ranar da aka buɗe ta. Asibitoci da yawa sukan tara masu allura a rana ɗaya domin a buɗe kwalbar a gama da ita a ranar, wannan tsari ne mai kyau ko da zai sa ku jira kwana kaɗan. Kada kuma ku yarda wani ya ce zai samo muku maganin a kasuwa da rahusa.

Nas Mai Ritaya:
Ni a ɗakin aikin ido na ƙare aikina, don haka bari in yi magana da Mama ta bakinki, ƙanwata. Ki gaya mata ba a baƙin ido ake soka allurar ba. A farin ido ne, kimanin milimita 4 daga gefen baƙin, wurin da babu abin gani a ƙarƙashinsa. Za a kwantar da shi, a ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da ruwan aidin, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon don kada ya ƙifta, a ce masa ya kalli gefe guda. Allurar siririya ce ƙwarai, kuma kafin ya gama salati an zare ta. Yawancin mutane dannawa kawai suke ji. Abin da ya fi damunsu shi ne raɗaɗin aidin da yamma, da jan jini da kan kwanta a farin idon, wanda kan tsorata 'yan uwa amma yakan washe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Haɗarin shigar ƙwayar cuta cikin ido bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba idan an kiyaye tsabta, amma idan ya faru ba ya jira. In bayan kwana ɗaya zuwa mako ya ji ciwo yana ƙaruwa, ido ya ƙara ja, gani ya ragu, to a koma asibiti a ranar, ko da dare ne. Kuma kada a sa masa kwalli ko a wanke idon da ruwan rijiya a kwanakin farko.

Mai Kemis a Sabon Gari:
Ina da tambaya ga Likita. Akwai maganin ɗigawa mai sitiroyid, sinadarin kwantar da kumburi, da mutane ke yawan saye a wurinmu, domin da an ɗiga jan ido yake washewa. Na ji an ce yana janye jijiyoyi. Shin ba za a gwada masa shi ba kafin a kai ga allura?

Likitan Ido:
Malam, don Allah kada ka ba shi, kuma ina roƙonka ka rage sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Ga wannan matashi ba zai kai inda ciwon yake ba, sai dai ya ci masa makonnin da yake bukata. Idan kuma aka ba mai toksoplasma da ta farka sitiroyid mai ƙarfi, na sha ko na allura, ba tare da maganin ƙwayar ba, tana iya cinye tantanin gaba ɗaya. A gaban ido ma, inda gaskiya ne mukan yi amfani da shi don kwantar da sabbin jijiyoyi, sai mun tabbatar babu gyambo. Ƙwayar hapis, wadda ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, tana daga cikin manyan masu jawo jijiyoyi a kan baƙin ido, kuma idan aka ɗiga mata sitiroyid tana tsaka da ci, gyambon faɗaɗa yake yi. Haka fangas da kan shiga idon manomi idan karan dawa ko ganyen gero ya soke shi lokacin girbi. Jan idon zai washe, mai shi ya ji daɗi, alhali fatar tana narkewa. Ga kuma hawan jinin ido da yanar ido da dogon amfani da shi ke jawowa.

Maman 'Yan Biyu:
Ni batun kyanwa ne ya tsaya mini, domin na karanta cewa daga kashinta ake ɗaukar toksoplasma. Muna da biyu a gida saboda ɓeraye. In kore su?

Ɗalibin Likitanci:
Hajiya, a cikin hanjin kyanwa ne ƙwayar ke hayayyafa, amma mutane da yawa ba daga taɓa kyanwa suke ɗauka ba. Naman da bai gasu sosai ba, ruwan sha da ya gurɓata, da ganyen da ba a wanke ba su ne manyan hanyoyi, sai kuma uwa ta ba ɗan da ke cikinta idan ta kamu tana da juna biyu. A garin Erechim na kudancin Barazil an taɓa duba idanun jama'a aka tarar kusan mutum 18 cikin 100 suna da tabon, kuma ana danganta hakan da cin naman da bai dahu ba. Ki bar kyanwowinki, a riƙa kwashe kashinsu kullum, mai ciki kada ta yi wannan aikin, a rufe randa, tsire kuma a bari ya gasu har ciki.

Yayar Tela:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya da Mama za ta tambaya: sau nawa za a yi, kuma ganin zai dawo?

Likitan Ido:
Babu wanda zai ba ku adadi tun yanzu. Abin da aka saba gani shi ne, jijiyoyin da suka tsiro daga tabon ciwo a idon matashi sun fi saurin lafawa, kuma allurarsu ba ta kai yawan ta tsofaffi ba. Wasu likitoci sukan yi uku a jere wata-wata, wasu su yi ɗaya su sake hoto bayan wata su ga ko ruwan ya janye. Karkacewar layi takan ragu idan ruwan ya tafi, amma wurin da tsohon tabo ya riga ya cinye ba ya dawowa, kuma yawan abin da zai samu ya danganta da nisan jijiyoyin daga tsakiyar gani da kuma tsawon lokacin da suka yi suna yoyo. Shi ya sa wannan maganar ta makonni ce, ba ta sai bayan salla ba. Jijiyoyin suna iya dawowa, don haka a ba shi takardar nan mai layuka murabba'i da ɗigo a tsakiya, wadda likitan Siwizalan Marc Amsler ya tsara, ya manna ta a bangon shago, ya riƙa rufe ido ɗaya yana duba ko layukan sun karkace. Ga mata kuma, duk mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa wa likita kafin a yi mata wannan allura.

Dattijon Damagaram:
Likita, na ji bayaninka, ko da yake ni da kaina har gobe ba zan kwanta a nufo idona da allura ba. Amma tun da ka ce maganin yana janye jijiyoyi, nawa na sama fa, da hakiyar da ta biyo su?

Likitan Ido:
Baba, naka sun tsufa. Maganin yana aiki ne a kan jijiyar da ke cikin tsirowa, wadda ba ta yi bango mai ƙwari ba. Wadda ta shekara talatin a wurin ba ta jin sa, wasu ma jinin ya daina bi ta cikinsu, sai sawunsu kawai ya rage. Idan sun tsaya a sama ba su kai tsakiyar baƙin ido ba, babu abin da za a yi musu, kuma ba su ne ke rage maka gani ba. Hakiya idan ta rufe tsakiya, maganinta dashen sabuwar fata ne, sai dai jijiyoyin nan su ne babbar matsalar dashen, domin ta cikinsu sojojin jiki ke isa su ƙi sabuwar fatar, ga kuma bushewar ido da amodari ke bari, ga ƙarancin fatar dashen a ƙasashenmu. Abin da ya fi muhimmanci a wurinka shi ne a duba ko akwai gashin da har yanzu ke gogar idon, domin yakan sake juyawa ko bayan an yi aiki, kuma kowace gogar tana ƙara hakiyar. A kuma duba ko yanar ido ce ta shigo a bayan hakiyar, don a shekarunka sau da yawa ita ce ke dushe ganin, kuma ita ana cire ta. Ka sa jikanka ya haska idon da fitilar waya daga gefe, in ya ga ko gashi ɗaya yana taɓa ƙwayar, ka je sashen ido na asibitin da ya fi kusa da kai a cikin watan nan.